Ɗan Waken Baturiya

A unguwarsu a Gumel, in dai maganar gaisuwa ce, babu wanda ya kama ƙafar Sallau. In ya tare ka da safe sai ya tambaye ka kwana da gajiya da iyali, ya bi ta kan akuyarka da ya ji an ce ba ta da lafiya, sannan ya sake ka. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi in ya hango babba. Abinci kuwa, ko yunwa za ta kashe shi, in ka yi masa tayi sai ya dafe ƙirji ya ce alhamdulillahi, yanzun nan ya tashi daga kan nasa. Duk wannan ladabin bai hana shi zaman kashe wando ba tun da injin niƙan da yake kula da shi ya mutu.

Ana nan sai aka ji wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyi a ƙauyuka tana neman mutum guda. Wanda zai riƙa shiga gaba in an je gaida dagatai, ya san bakin da ake yi wa manya magana da shi, kuma yana ɗan taɓa Turanci, don shugabar ofishin Baturiya ce. Sallau wannan na ƙarshen kawai kunnensa ya ɗauka. Mu dai haka muke, abin da muke da shi ba ma ganinsa a bakin komai, wanda ba mu da shi ne ke hana mu sakat. Ya shiga gida ya gaya wa matarsa Lantana cewa aiki kamar ya samu, ita kuma kafin magariba ta gama gaya wa maƙwabta.

Don ya goge Turancinsa na firamare, sai ya shiga ajin Malam Ƙasimu, wanda ke koyar da magidanta bayan la'asar a wani tsohon shago. Malam Ƙasimu ya taɓa zuwa Ingila wani ɗan gajeren kwas, kuma tun da ya dawo bai bar kowa ya manta ba. A wajensa harshen ma ba shi ne wahala ba, halin masu harshen ne. Ya ce Bature ba a durƙusa masa, ba a cire masa takalmi, ba a tambayarsa iyali. Gaisuwa kalma biyu ce, kuma ido cikin ido, don a wajensu mai sunkuyar da kai marar gaskiya ne. Amma darasin da ya fi nanatawa shi ne na tayin abinci, saboda abin ya taɓa cin sa. Ranar da ya sauka a can, matar gidan da aka sauke shi ta ce ga abinci, shi kuma ya yi kara irin tamu ya ce ya ƙoshi, yana jiran a sake yi masa magana. Sai kawai ta kwashe kwanoninta ta ce Allah ya kai mu.

"Da ruwan famfo na kwana," in ji Malam Ƙasimu, yana buga allo da alli. "Bature ba ya tayi sau biyu. In ya ce ka ci, to ci yake nufi. Ka ce ka gode, ka sa hannu."

Sallau ya sha wuya kafin wannan karatu ya zauna masa. Ya fara gwadawa a gida, yana zuba wa Lantana ido in tana magana, har ta tambaye shi ko wani abu ya taɓa shi ne. Ya gaida kawunsa a tsaye, ya miƙa masa hannu, tsohon ya dubi hannun ya dube shi, ya ce Allah ya sawwaƙe. Abin ya yi wa Sallau ciwo ƙwarai, amma ya daure, ya ce neman abinci ne.

Ranar ganawa ko kokon Lantana bai iya sha ba don fargaba. Ya je ya tarar da layi, ya zauna tun hantsi har rana ta take, cikinsa yana ta kiran sunansa. Shi ne na ƙarshe da aka kira.

Maimakon ofis, sai aka zagaya da shi baya, gindin wata darbejiya. Can ya tarar da Baturiyar, Madam Dorati, zaune a tabarma cikin atamfa da ɗankwali, takalmanta a ajiye gefe. Kusa da ita ga Hajiya Ladi, ma'aikaciyar da ke koya mata Hausa da zama da mutane. Tun safe suke ganin masu neman aiki, sai yanzu Baturiyar ta samu ta buɗe ɗan ƙaramin kwanonta na ɗan wake, an yanka ƙwai a kai, ga mai ga yaji.

Tana ganinsa ta ɗan rusuna, ta shiga jero gaisuwa da Hausarta mai ɗingishi: sannu da zuwa, ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya mutanen gida. Gwiwoyin Sallau suka fara lanƙwashewa da kansu, ya yi maza ya tsayar da su. A ransa ya ce tarko ne, so take ta ga ko shi ɗan ƙauye ne. Sai ya tako tabarmar da takalmansa, ya kafa mata ido, ya amsa da Turanci kalma biyu kacal. Hajiya Ladi ta yi gyaran murya. Bai ko kalli inda take ba.

Madam Dorati ta ɗan tura kwanon gabansa, ta ce, "Bismillah, Malam."

Alhamdulillahin ta riga ta zo kan harshensa, hannunsa ma ya kama hanyar ƙirji. Sai Malam Ƙasimu da ruwan famfonsa suka faɗo masa a rai. Ya haɗiye ta da ƙyar, ya yi godiya da Turanci, ya zauna ya jawo kwano. Da ƙwan ya fara. Ɗan waken ya yi daɗi, yunwa kuma ba ta san ganawa ba, sai ga shi yana ci yana kallon mai abincin ido cikin ido kamar yadda aka koya masa, yana jin cewa ko Malam Ƙasimu ne iyakar abin da zai yi ke nan.

Yana kan suɗe cokali ya ji Baturiyar ta karkata wajen Hajiya Ladi, ta yi ƙasa da murya.

"Hajiya, ba kin ce in an yi tayi ba a ci ba?"

"Ba a ci," in ji Hajiya Ladi. "Duk waɗanda suka shigo yau kin yi musu tayin ruwa, wa kika ga ya sha?"

Nan Sallau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai a lokacin sauran sanarwar ta dawo masa, maganar dagatai da sanin bakin manya, abin da ya iya tun yana goye. Ya tuna Lantana da maƙwabtan da ke jiran labari. Ya ajiye cokalin a hankali, ya dafe ƙirji, ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi. Kwanon dai babu ko yaji a ciki. Ya zame takalmansa ya tura su bayan tabarma, ya durƙusa sosai, ya sunkuyar da kai, ya soma gaisuwa daga farko da Hausa tsantsa, har da tambayar mutanen Ingila da yadda suka ji da sanyi. Ta amsa masa duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Da ya ga gaisuwa ta ƙare, sai ya yi ta maza.

"Ranki ya daɗe, to maganar aikin fa?"

Madam Dorati ta leƙa cikin kwanon, ta mayar da murfi ta rufe.

"Malam Sallau, Bahaushe muke nema. Kujerar Bature ɗaya ce a ofishin nan, kuma da mai ita. Abincinta dai ka riga ka karɓa."