Yadda Ake Zubin Harsashi a Tukunyar Kakar Matarka

Kai mai gonar tumaki a busasshen yankinmu na Karoo, da ka gaji da sayen harsashin kanti, matso kusa. Ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawarin sakamakon da duk gunduma za ta yi maganarsa. Shaidata maƙwabcina ne, Oom Barend Swiegers, wato Kawu Barend a yarenmu. Ya bi su sau da ƙafa, in ban da guda biyu, har yau kuwa ba a taro a watse ba a ambaci harsasansa ba.

1. Ka fara da zagin na kanti

Kada ka taɓa dalma kafin ka kafa hujja. In an tashi daga coci, ka je inda maza ke jingine da motocinsu, ka ce harsashin kanti ya lalace, shi ya sa bara ka auna barewa ka samu tankin ruwa. Haka Barend ya yi. Ya sauko da bindigar kakansa mai ɗurin baki, ya sayo mazubin harsashi da ludayin ƙarfe, ya rantse bana sai gidansa ya rasa igiyar shanya nama.

Ka riƙe wannan: idon maharbi ba ya tsufa, harsashi ne kullum mai laifi.

2. Ka nemi tukunya, kada ka saya

Gwani ba ya sayen abin da ke cikin gidansa. Barend ya leƙa sito ya ga tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, lulluɓe da buhu. Ya san ta sarai. Ta Ouma Fransina ce, kakar matarsa Tannie Alida, wato Inna Alida, tukunyar da ta shigo ƙasar nan rataye a ƙarƙashin keken shanu. Ba a fito da ita sai ranar kasuwar coci, Alida ta dafa wutsiyar saniya da mutane ke bin layi dominta. Sabulu bai taɓa shiga cikinta ba, mai ake shafa mata kamar jaririya.

Ya jira ranar da Alida ta shiga gari gyaran gashi. "Aro ne kawai," ya ce wa karensa. Karen ya tashi ya bar wurin.

3. Ka zuba, ka yabi kanka

Ka narka, ka zuba, ka buɗe mazubi. Na farko zai fito a yamutse, na biyu da rami, na uku ba ka san gabansa da bayansa ba. Kada ka damu, ka ce aikin hannu ke nan. Barend ya cika gwangwanin kofi da su, ya gwada a kan tsohuwar ganga a bayan garke. Gangar na nan lafiya ƙalau, tumaki dai sun koyi gudu.

Ya kankare tukunya, ya shafe ta da mai, ya mayar ya lulluɓe.

4. Kada ka tambayi masana

A nan ƙafarsa ta fara zamewa. Likitan dabbobi ya zo duba raguna, bakin Barend ya ƙi zama wuri ɗaya.

"Likita, wani abokina ne ya ɗan narka dalma a tukunyar girki."

"Oom, ka gaya masa tukunyar ta gama girki har abada. Guba ce. Ko ya kankare ta har hannunsa ya yi jini."

"Ko an shafa mai?"

"Ko Dominee, limamin coci, ya yi mata addu'a." Likita ya ɗago kai ya dube shi. "Oom, ba dai ta Tannie Alida ba?"

"Na ce maka abokina!"

"To Allah ya ji ƙan abokin nan naka, Oom."

5. Ka yi kyauta don rufe ɓarna

Ya shiga gari ya sayo sabuwar tukunya, ya dire ta a tsakar kicin.

"Tsohuwa, dubi abin da na kawo miki."

Alida ta dubi tukunya, ta dube shi. "Barend, tun aurenmu ko cokali ba ka taɓa saya mini ba. Me ka fasa?"

"Ƙauna ce."

"Ƙauna da rana tsaka? Kai ta wurin kaji su sha ruwa."

6. Ranar kasuwa, ka ja bakinka ka yi shiru

Wannan shi ne mataki na biyu da Barend ya karya, ka ga abin da ya ja wa kansa. Ranar kasuwa shi ya ɗauko tsohuwar tukunyar ya ɗora a mota, shi ya hura wuta a harabar coci. Ya yi niyyar magana a gida, ya ce sai a hanya. A hanya ya ce sai an isa. Yana tsaye aka zuba nama, ƙamshi ya cika wuri, layi ya fara tsawo, Dominee, limamin cocinmu, na kan gaba da farantinsa.

Alida ta buɗe murfi, ta ɗebi romo a cokali don ta ji gishiri. Ta hura, ta kai baki.

"Alida, a'a!" Ya doke cokalin har ya faɗa kan takalmin Dominee. "Na narka dalma a ciki. Kada kowa ya ci. Ni ne, ba abokina ba."

Kowa na jiran ihu, don Alida ba ta da ragwancen murya. Ba ta yi ba. Ta zauna a kan kujera, ta daɗe tana duban tukunyar.

"A cikinta mahaifiyata ta dafa abincin aurenmu," ta ce a hankali.

Da ta kwaɗa masa ludayi a ka da ya fi masa sauƙi. Na san Barend tun muna yara, ban taɓa ganin ya tuɓe hula a gaban matarsa ba sai ranar. Ya ba ni tausayi, ba na ɓoyewa.

7. Ka kwashi sakamako

Da ta miƙe ta ce, "Ina harsasan?"

"Suna mota."

"Kawo su, tsoho. Ko yau su yi wani amfani."

Ka san iskar nan tamu, kowace shekara sai ta ɗage mayafan tebur ta kifar da kek ɗin mutane. Alida ta tara mata, suka ƙulle harsasan a kusurwoyin mayafai. Iska ta yi iya yinta, ko ɗaya bai ɗaga ba. Ranar Lahadi Dominee ya gode wa Oom Barend daga kan mumbari, ya ce wannan ne karon farko da harsashinsa ya tsaya inda aka nufa.

Tukunyar Ouma Fransina yanzu tana bakin ƙofarsu, an dasa fure a ciki. Alida ba ta sake tayar da zancen ba. Ba ta kuma ce masa ya riƙa ba furen ruwa ba, amma kowace safiya za ka gan shi da buta, kafin ya je wurin tumaki.

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba shi da hannu a ƙonewar gemu, hujewar tankin ruwa, ko shirun matar kowa. In ka shiga uku, kai ka kai kanka. Masu cewa ni na fara nuna wa Barend ƙofar siton nan, su kawo shaida. Karen ne kaɗai ya gani, shi kuwa ba ya magana.