Dutsen Taimamar Kaka

Ku matso kusa ku zauna, ku ji yadda aka kwashe tsakanin mai gadin duwatsu da kakanta.

Wurin aikinta wani tudu ne da aka zagaye da waya. An ce tun kafin a yi mutane bakin teku ne. Yanzu sai farin rairayi mai sanyi, da katantanwa da suka zama dutse, jere a jikin gaɓa. Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin, kuma doka ta hana ɗaukar ko tsakuwa. Da hantsin nan ta tarar da rami a gaɓar, babbar katantanwa ta ɓace, ga shugabanta zai zo zagaye bayan azahar. Baƙonta na jiya kuwa mutum ɗaya ne: kakanta. Sai ga shi tafe da sandarsa.

"Sannu da aiki, amarya mai kiwon matattu!"

"Yauwa, ango ba haƙori. Ina dutsena?"

"Wane dutse? Ai na girme su, a gabana tekun ya yi ƙaura."

"Na yarda, da minshari ka kore shi. Kaka, in aka ga ramin nan, yau za a sallame ni."

"Madalla! Ki dawo gida ki riƙa ɗumama min ruwan alwala. Sanyi ya hana ni taɓa ruwa, ke kina nan kina renon tsakuwa."

"Au! Don taimama ka ɗauke shi!"

A nan ta lura da aljihunsa: ya jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga ɗis, ɗis, rairayin na lanƙwamewa kamar mai tsohuwar ƙishirwa.

"Ango, fitsarin kwancen ya koma aljihu ne?"

"Rufe min baki." Ya rage murya. "Na dafa shi zan yi taimama, na ɗago tafina a jiƙe. Na lasa, gishiri. Na shanya shi a rana, ya ƙi bushewa. Tun jiya a kunnena ƙarar ruwa ke zuwa tana komawa."

Ta daure ta ce, "Ka guje wa buta, ka sato teku."

Ya yi wata dariya wadda ba ta kai ciki ba, ya miƙa mata dutsen. "Ungo toshinki. Kar ki ce mijinki marowaci ne."

Ta mayar da dutsen raminsa, ya zauna daram. Kafin ta janye hannunta ya bushe ƙayau. Shugaba ya zo ya zagaya, ya yaba mata, ya tafi.

To ku da ke zaune, in dai dutse ne kawai, wa yake yi wa kuka?