Waƙar Kakannin Rumbun Tarihi

Masha Allah, a yi wa Annabi salati kafin a ambaci Rumbun Tarihi, kada baki ya kama shi. Duk garin nan babu mai kishin waƙoƙin gado kamarsa. Shi ne shugaban ƙungiyar ceto su, shi ne sakatare, shi ne mai tafi in shugaba ya gama jawabi. Ɗana ne. Ni na haife shi, ba zan ɗora wa kowa ba.

Tun da ya sayi na'urar ɗaukar murya da doguwar hula, tsohuwa ba ta isa ta yi tari ba sai ya kafa mata abin a baki. In ya tarar da samari suna kiɗansu na zamani, sai ya dafa ƙirji: "Kun kashe al'ada! Al'ummar da ta yar da waƙarta ta yar da cibiyarta!" Shi kuwa ko tafi ya yi, sai kaji su watse.

Ran nan ya zo ɗaukar muryata da hotona. Ya sa aka tura firij bayan labule, ya cire mini tabarau, ya tsayar da ni gaban turmin aro, wai in daka iska. Ni da gwiwa ta hana ni salla sai a kujera. Na daka.

"Inna, yi mini waccan waƙa ta wanka. Ruwa ruwa, kumfa kumfa."

Na yi baiti biyu, ya ɗaga hannu, ido ya cika da hawaye. Na ce, "Ɗan nan, da saura fa." Ya ce, "Inna, ke taska ce. Bayani namu ne." To, tunda nake ba a taɓa ce mini taska ba. Kaina ya kumbura, na ja bakina.

Aka kira babban taro, inda manyan baƙi za su damƙa masa kujerar gidan adana waƙoƙi. Kujerar da ya daɗe yana mafarkinta, har ya ɗinka mata riga. Ya miƙe yana baza hannu: "Wannan waƙa ta girmi alƙalami! Kakanninmu sun rera ta a bakin kogi, kumfa kuwa ishara ce ga ƙarewar duniya!" Sai ya miƙo mini lasifika. "Inna, gaya wa duniya wa ya gadar miki."

Ga carbi a hannuna, ga ƙafa ɗaya a kabari. In yi ƙarya? In kuma tona ɗana? Na ce bari dai in rera, Allah Ya raba gardama.

Ina farawa tsofaffin matan zauren suka amshe, har da rangaji. Ni na tsaya a baiti na biyu. Su ba su tsaya ba: "Wanke hannu, wanke ɗa, da Sabulu Mai Bushiya!"

Tallar rediyo ce, jama'a. Shekarar da gudawa ke kwashe mana jarirai aka yi ta. Ita ta koya mana wanke hannu, da ikon Allah shi ya sa Rumbun Tarihi ya rayu har ya kai ga hula.

Baƙi suka yi dariya har da riƙe ciki, kujera ta bi ruwa. Samarin da yake zagi suka ɗora waƙar kan kiɗansu, yanzu ko'ina ita ake yi. Shi kuma ko ina ya gifta, sai ka ji, "Barka da fitowa, Mai Bushiya!"

Jiya ya zo cin abinci, fuska a murtuke, ko gaisuwar kirki babu. Amma kafin ya sa hannu a kwano, ya tashi ya nemi sabulu.

Na ce alhamdulillahi, gado bai ɓata ba.