Yadda Za Ka Yi Fice a Gasar Hoton Namun Daji Ba Tare da Ka Danna Kyamara Ba

Kai da kake son a san da kai a gasar hoton namun daji, matso kusa. Shekara ashirin da biyu ke nan ina da shagon hoton fasfo a bakin titi, tsakanin tela da mai gyaran waya, kuma ba a taɓa dawo mini da hoto an ce kunne bai fito ba. Sau ɗaya tak na shiga gasar, hoton da ya zo na biyu kuma da ni a cikinsa. Ka bi matakan nan yadda na jera su. Ina ba ka tabbacin kai ma sai an rataya ka a bango.

Mataki na 1: Fara cika baki

Kar ka jira sai ka ga dabba. Ranar da ƙungiyar masu hoto ta liƙa sanarwar gasa, ranar za ka gaya wa duk layinku cewa damisa za ka ɗauko. Ni haka na yi. Tun da waya ta shiga aljihun kowa, mutane sun daina ce mini mai hoto, sai "mai fasfo", abin kuma yana ci mini rai.

Tela ya ɗago daga kan kekensa ya ce, "Maƙwabci, ka taɓa ganin damisa?"

Na ce, "Fuska fuska ce. Wanda ya ɗauki jariri mai kuka, me damisa za ta nuna masa?"

Bai yi musu ba. Ya ɗinka mini rigar daji ruwan ƙasa mai aljihu goma sha ɗaya. Ka nemi irinta. Gwani ana gane shi ne da yawan aljihu, ko da babu komai a ciki.

Mataki na 2: Kar ka tafi da matarka

Wannan matakin ni ban iya cika shi ba. Uwar yarana ta ce ba inda zan je kwana uku ba tare da wanda zai tuna mini maganin hawan jini ba.

Na ce, "Daji ba wurin mata ba ne."

Ta ce, "To, Malam. Wurin masu hawan jini ne?"

Ta shiga mota da jakar magani, da laima, da tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi. A hanya na yi mata bayanin haske da inuwa na kusan awa biyu. Ta saurara da ladabi, idonta a rufe.

Mataki na 3: Ka nuna wa dabba wane ne mai sana'a

A gandun daji za a haɗa ka da jami'i mai raka baƙi. Namu dogo ne, marar yawan magana, dokarsa ɗaya: a yi shiru. Ka gyaɗa kai kawai. Shi daji ya sani, kai kuwa hoto.

Da safen farko muka yi kiciɓis da barewa, tana tsaye cikin ciyawa, rana ta zubo mata a wuya. Na kafa kyamara, na daidaita, komai ya zauna. Sai dai ta ɗan sunkuyar da kai. Bakina, wanda ya shekara ashirin da biyu yana aiki ɗaya, ya buɗe da kansa.

"Ɗan ɗaga haɓa."

Ta ɗaga haɓa, ta ɗaga ƙafa huɗu, ta ɗaga ƙura. Na samu hoton ciyawa mai kyau ƙwarai.

Jami'in ya dube ni ya ce, "Baba, a nan ba a gyara musu zama."

Mataki na 4: Zaɓi wurin zama da kanka

Kwana biyu ba damisa, ba mai kama da ita. A rana ta uku jami'in ya kai mu bakin wani tafki inda namun daji ke shan ruwa da la'asar, ya ce kowa ya zauna a mota. Kar ka yarda. Daga mota ɗan yawon buɗe ido ke ɗauka. Na dage har ya gaji, ya ce in tsaya inda zai riƙa ganina. Na hango wani ɗan tudu kusa da wata bishiya, na je na zauna a kai, na miƙe ƙafa a bakin wani rami.

Ka riƙe wannan: duk ramin da ka gani a daji, akwai mai shi.

Mai wannan ramin kuwa mugun dawa ne, aladen nan na daji mai haure biyu kamar ƙugiya. Ya fito ta tsakanin ƙafafuna da gurnani. Daga baya jami'in ya ce aladen gudu ya yi, ya fi ni tsorata. Ban tsaya tantancewa ba. Ni da likita ya hana ni hawa bene da sauri, sai ga ni a reshe na uku, na rungume itace, kyamara tana ƙasa tana kallon sama.

Mataki na 5: In dama ta zo, ka kasance a kan bishiya

Ina shirin saukowa jami'in ya ɗaga mini hannu daga mota, alamar kar in motsa. Giwaye ne, su biyar, da ɗan ƙarami a tsakiya. Suka wuce ta ƙarƙashina har ina jin hucinsu. Ɗan giwar ya zame cikin laka, uwar ta sa hanci ta tallabo shi, rana tana faɗuwa a bayansu, ruwan ya yi ja. A duk shekarun da na yi ina leƙa kyamara ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, kuma hannuwana biyu suna da aikin da ba za su iya saki ba.

Da suka tafi aka sauko da ni. Uwar yara ta ba ni ruwa da ƙwayar magani, sannan ta miƙo waya.

"Na ɗan danna sau ɗaya. Duba ko ya yi."

Ya yi. Na duba ta kowace kusurwa ko zan samu aibi, ban samu ba. A can gefe, saman bishiya, akwai wani dunƙule ruwan ƙasa.

Mataki na 6: Ka karanta dokokin gasa

Ni na wanke mata hoton a shago, babba, da hannuna, na aika da sunanta tare da nawa hoton ciyawar. Sai a ranar baje kolin na ga an rubuta a ƙofa cewa duk hoton da mutum ya fito a cikinsa ba ya cikin gasa.

Shugaban alƙalai, wani dattijo mai tabarau, ya tsaya gaban hotonta da 'yar sanda a hannu. Ya yaba giwar, ya yaba hasken, sannan ya kai sandar kan dunƙulen.

"Amma abin da ya ba hoton nan rai shi ne wannan gwaggon birin. Ku dubi zamansa. Tsoho ne, da alama garke ya kore shi. Dubi yadda ya ƙanƙame reshe, yana kallon abin da ya fi ƙarfinsa."

Aka yi tafi. Tela, wanda ya rufe shago don ya zo, ya matsa kusa da hoton ya ƙura ido. Ya juyo a hankali ya raɗa mini, "Maƙwabci, birin nan ɗinkina ne a jikinsa."

Mataki na 7: Ka yi shiru

Nan ne gwaninta take. In ka ce kai ne, ka dawo mutum, amma an cire hoton. In ka yi shiru, ka tabbata biri a gaban mutum ɗari biyu.

Na dubi uwar yara. Tana tsaye da mayafinta na fita unguwa, ta riƙe takardar yabon zuwa na biyu da hannu biyu kamar za a ƙwace. Shekara ashirin da shida tana gidana, ban taɓa jin an kira sunanta a lasifika ba sai ranar. Ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, in abin ya dame ka, sai in gaya musu."

Kafin in amsa, dattijon ya juyo gare ni. "An ce kai ma kana wurin. Ka ga birin da idonka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya kai ni kusa da shi."

"Yaya halinsa?"

"Bai da faɗa. Surutu ne dai da shi."

Ya rubuta a littafinsa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin karaya, targaɗe, ko yagewar wando ga duk wanda ya bi shawararsa. Ba ruwansa da abin da yaranka za su riƙa kiranka in sun zaci ba ka ji. In wata mujallar masana ta rubuto tana neman ƙarin bayani kan irin birin da wurin kwanansa, kar a turo su shagona. Na riga na ba su amsa sau biyu, kuma a ta biyun na ce ya mutu.