Rasuwar Hajiya Babba, Wadda Gaisuwa Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da 'yar kunya a ƙasanta, Saudatu Barau ta ofishin ƙungiyar manoma a Faskari tana sanar da rasuwar kwamfutar kiran waya, wadda ma'aikata ke ce wa Hajiya Babba. Ta cika da hantsi ranar kasuwar Yankara, a ƙarƙashin tebur, Saudatu na yi mata fifita da murfin kwali.

Marigayiya ba ta san ƙiwa ba. A ba ta lambobin manoma, ita da kanta za ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta faɗa musu ranar rabon iri. Aikin Saudatu ta tsura wa allo ido. Kore, mutum ya ɗauka. Ja, na'urar ajiye saƙo ce ta amsa, a kashe. Za a daɗe ana tuna "ƙirr, ƙirr" ɗinta, da wannan "tit" mai sanyi idan ta katse.

Aibinta ɗaya, Allah ya rufa asiri. An raine ta a ƙasar da ake ɗaga waya a ce halo a yi shiru. Duk wanda ya zarce da magana, a wurinta ba mutum ba ne. Sai Baba Almu na Sabuwa ya ɗauka, ya yi sallama, ya tambayi kwana, gajiya, iyali, ruwan jiya. Bai kai ga tambayar mutanen Faskari ba, tit.

Saudatu, da karatunta da komai, ta ga Sabuwa ta yi ja zur a allo. Ta miƙe gaban kwamitin ƙungiya, ta ce bincike ya nuna a Sabuwa na'urori ne ke ɗaukar waya. Ta kuma umarci marigayiya ta yi ta kira har sai mutum ya amsa. Dattawa kuwa suka zaci gaisuwarsu ce ta gaza, suka ƙara mata tsawo. Ciwon ajali ke nan. Kira ya taru kan kira, jiki ya yi zafi, fanka ta yi gurnani ta tsaya.

Ta rasu ta bar batir mai fama da tari, da linzamin kwamfuta maraya, da manoman Sabuwa waɗanda har yanzu ba su ji cewa rabon irin ranar Asabar ne ba, ga ƙasa ta jiƙa.

Za a kai ta makwancinta a sito, kusa da buhunan taki, bayan la'asar. Ba za a yi zaman makoki ba, domin mai makokin za ta hau acaɓa gobe da sassafe ta kai saƙon Sabuwa da baki, gida gida. Za ta fara da zauren Baba Almu, wanda ya aiko cewa ta zo da tabarmarta, zai ɗora gaisuwar daga inda aka katse shi.