Ranar da Na Tsare Ƙofar Makaranta

Ba zan taɓa mantawa da makon da na nuna wa ɗalibaina fim ɗin Falasɗinawa ba. Ina koyarwa a wata sakandare a Boɗinga, kuma ni ne malamin ladabtarwa (ni na roƙi muƙamin da bakina, ba wanda ya tilasta ni).

Fim ne na zahiri, ba wasan kwaikwayo ba. Mutane sun yi layi a shingen sojoji, daga mai zuwa gona sai mai zuwa asibiti. Sai ga wata yarinya za ta jarrabawa, soja ya jujjuya takardarta, ya ce ta koma gida. Wallahi raina ya ɓaci, har yau kuma a ɓace yake. Na tsayar da fim ɗin, na bugi tebur, na ce, "Wane marar imani ne zai tare ɗaliba ranar jarrabawa saboda takarda?" Har hawaye na yi a gaban aji.

Washegari jarrabawar lissafi. Na tsaya a ƙofa da bulala, na kafa doka: ba katin makaranta, ba shiga. Sai ga Hadiza, ɗalibata 'yar Dingyaɗi, mahaifinta ya kawo ta a babur, ƙafarsa duk laka daga fadamar albasa. Ta manta katin. Na san ta sarai, ita ke zama a layin gaba, amma na ce ta koma ta ɗauko. Kafin ta je ta dawo kuwa an tashi daga jarrabawar.

Dattijon ya rusuna ya ce, "Ranka shi daɗe, a yi muna haƙuri." Na ce doka doka ce (har na ji daɗin yadda maganar ta fito).

Hadiza ba ta ko kalle ni ba. Ta juya wajen babanta tana share ido ta ce, "Baba, shi na yag gwada muna fim ɗin da nib ba ka labari jiya. Shi na yay yi kuka."

Dattijon ya dube ni daga hula har takalmi, ya tsaya a kan bulalar. "Wanga?" ya ce. "Allah Sarki."

Duk ɗaliban da ke layi sun ji. Na buɗe ƙofa, na rasa inda zan ɓoye bulalar. Hadiza ta shige da gudu, ta samu jarrabawarta.

Fushina da sojojin nan yana nan daram, zalunci ne, ban janye ba. Sai dai yanzu kafin in buɗe baki in zagi mai tsaron shinge, nakan fara shafa aljihuna in ji ko makullin wata ƙofa na ciki.