Rasuwar 'Yar Jidda, Rediyon Alhaji Sodangi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Alhaji Sodangi mai hatsi na Mabera, Sakkwato, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar rediyonsa, wadda aka fi sani da 'Yar Jidda. Ta cika ranar Laraba da sassafe, tana da shekara biyar a hannunsa.

Daga Jidda ya rungumo ta, shekarar da kuɗin mai ya kai kowa Makka. Marigayiya mai tashin asuba ce, ba ta taɓa makara ba. Da ya dawo masallaci zai murɗa ta, ta ɗan yi kakinta, shuuu, ƙirrr, sannan ta ce, "Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro." Daga nan sai Kaduna, sai Landan, sai Jamus, sai Yamai, har kunu ya yi sanyi a kwano. Kafin ya isa rumfa ya san abin da duniya ta kwana da shi, 'yan kasuwa kuwa a bakinsa suke ji.

Wata safiya ta tashi da kiɗan soja maimakon sallama. Alhaji ya miƙe tsaye, jiri ya kwashe shi, sai a asibiti ya farka. Likita ya ce jininsa ya hau, ya bar labarun safe har sai ya karya kumallo, kuma tasha ɗaya ta ishe shi. Alhaji ya ce ya ji. Washegari ya murɗa huɗu.

Ba a yi mako ba marigayiya ta kamu da wani ciwo mai ban mamaki. Da asuba ko tari ba ta yi, sai hantsi ya dubi ludayi ta buɗe baki garau. Ya kai ta Sabon Gari wurin Illo mai gyara, amininsa na shekara talatin. Illo ya juya ta, ya kara a kunne, ya ce sanyin asuba ne ya kama ta, a riƙa lulluɓe ta. Wata bakwai Alhaji yana jinya. Ya ba ta bargonsa. Yakan zauna yana shan kunu da zafinsa, yana kallon ta, yana tausaya mata.

Ranar Laraba tausayi ya yi yawa, ya matsar da ita jikin kaskon garwashi don ta ji ɗumi, ya shiga wanka. Ya fito ya tarar da gefenta ya narke. Da hannunsa ya buɗe bayanta, sai ga guntun kwalin ashana an cusa tsakanin batura.

Uwargidansa Mariyatu ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Ni ka sa shi kullum in ka tahi masallaci, in cire in ka shiga wanka, yau dai na makara. Da in rasa ka, Alhaji, gwamma in rasa akwati."

Bincike ya nuna ɗiyarsu Jamilatu, mai koyon aikin jinya, ita ta kawo dabarar, Illo kuma da saninsa ya yi ƙaryar sanyi. Gida guda ana kallon mutum yana lulluɓe mai lafiya da bargo, ba wanda ya gaya masa gaskiya. Alhaji ya ce ƙonewar ma da sauƙi. Abin da ke cin ransa shi ne yadda suke taya shi yi mata sannu.

Ta rasu ta bar batura shida, da jakar fata mai maratayi, da rumfa guda ta mutanen da yanzu ba su san inda duniya ta dosa ba.

Za a naɗe ta da farin yadi a rufe ta a gindin dogon yaron ƙofar gida ranar Juma'a bayan la'asar. Za a karɓi gaisuwa a zaure kwana uku. Illo yana iya zuwa, amma ya zo da tabarmarsa, ya shimfiɗa daga waje. Mariyatu ce za ta yi tuwon sadaka, kuma Alhaji zai ci, sai dai kada a ɗauka ya huce.

A ƙarshe, an ji likita yana cewa jinin Alhaji ya sauka sarai. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, don Allah, kada wanda ya ɗauko wannan magana.